Sunan da Aka Laƙa wa Maiturare

Jakar goyo guda. Kaya kala biyu, da mayafin da ta ara wurin 'yar ɗakinsu. Kwamfutar da jami'a ta ba Zakiyya, naɗe cikin zani. Burodi, sukari, ganyen shayi, sabulu. Katin makaranta a cikin safa. Waya a kashe.

Abin da Selina ke ɗauke da shi ke nan a bayan mashin ɗin Abednego. Sun baro Birnin Gwari sun nufi wajen Randagi, a kan hanyar da ruwan damina ya zaizaye ta koma kamar haƙarƙarin tsohuwar saniya. Dama da hagu daji ne, kore shar, shiru kamar ba a taɓa yin komai a cikinsa ba.

"Riƙe ƙarfen baya, 'yar Malam, kar ki riƙe ni," in ji Abednego. "Kafin mu isa labari ya kai wa Dinah, ni kuma ban shirya kwana a waje ba."

Maƙwabcinsu ne na da. Coci ɗaya suka taso, kafin babanta, Malam Benson, malamin firamare, ya tura ta Jos wurin ƙanwarsa tun tana ƙarama. Daga nan sakandare, daga sakandare jami'a a can kudu. Birnin Gwari ta zama garin da take rubutawa in an tambaye ta asali.

Ta yi dariya. "Ashe matarka tana da infoma a kowace kwana."

Ya taka birki, sai da ta bugi bayansa. Bai kashe injin ba. Ya dubi daji ta dama, ya dubi ta hagu, sannan ya juyo ya dube ta.

"Kar ki sake faɗin wannan kalmar a hanyar nan. Ko a gari. Ko a mafarki."

"Wasa nake yi."

"Na sani. Wani mai faci a tasha ma da wasa aka fara kiransa haka, wai shi ke kai wa mutanen daji labarin masu tafiya. Je ki tambaya ina yake yanzu."

Ya ja mashin.

A jami'arsu akwai abin da ake kira Shirin Haziƙai. Ana tsamo ɗaliban da suka fi cin jarrabawa, a ɗauke musu nauyin makaranta da na ɗaki, a ba su kwamfuta, a ƙara musu aiki a kan na kowa. Duk sabon shiga ana haɗa shi da wani na sama da shi, wanda ake kira jagora. Selina tana ajin ƙarshe. Da aka ga daga ƙaramar hukuma ɗaya suka fito, sai aka ba ta Zakiyya.

An horar da jagororin a wani ɗaki mai na'urar sanyi. Ka saurara. Kada ka yanke wa ƙaninka hukunci. Ka gan shi duk mako. Selina ta yi fiye da haka. Ita ta hana Zakiyya durƙusa wa malamai a baranda. Ita ta koya mata duban idon mutum in tana magana, da tura saƙo ta kwamfuta, da miyar da za ta iya ci a ɗakin abinci ba sai ta tsaya tambayar abin da ke ciki ba. A duk ɗakin kwanansu su biyu ne ke iya yi da mutum da Hausa yana tsaye yana musu murmushi. Yarinyar ta zo ta ɗaya a ajinsu. Aka kira Selina gaban taro aka tafa mata, kamar ita ta rubuta jarrabawar. Ta kuwa ji daɗin tafin.

Aka tafi hutu. Kowa ya dawo, ban da Zakiyya. Wayarta ba ta shiga. Dokar shirin ba ta lanƙwasuwa: ranar Litinin za a rufe rajista, duk wanda bai bayyana da ƙafarsa ba, sai a ba na bayansa gurbinsa. Dakta Rachel, shugabar shirin, ta kira Selina ofis.

"Ke ce jagorarta, kuma garinku ɗaya. Me ya faru?"

Selina ba ta sani ba. Rashin sanin ne ya sa ta shiga mota. Kwamfutar kuwa, wadda Zakiyya ta bar mata ajiya, ta ɗauko ta ne don yarinyar ta gani ta tuna abin da ke jiranta.

Suna dosar Unguwar Ɗorawa gonaki suka fara bayyana, duk a manne da gari kamar 'yan tsaki a jikin kaza. Wake, gyaɗa, waken suya. Ba dawa, ba masara, ba abin da ya kai tsawon da mutum zai ɓuya a ciki. A bakin gari an gitta gungumen itace. Samari biyu da bindigogin toka suka taso daga inuwa. Abednego ya gaishe su da sunayensu, ya tambayi jikin uwar ɗayan. Suka buɗe jakar Selina, suka kwance zanin, suka dubi kwamfutar, suka dubi juna.

"Baƙuwar wane gida ce?"

"Gidan Malam Maiturare."

Wanda ke murmushi ya daina. Suka ɗaga itacen ba tare da sun ce a sauka lafiya ba.

Gidan na ƙasa ne, amma an sa wa zauren ƙyauren langa-langa mai sakata, kamar yawancin gidajen garin. Ƙamshi ne ya fara tarbar ta. A cikin zauren an jera kwalaben turare da ƙwaryoyin ƙaro da ɗaurin saiwoyi har kusa da rufi, ƙura ta fara zama a kansu. Abednego ya ce shi zai zauna a waje wurin mashin.

Furera, mahaifiyar Zakiyya, ta amsa sallamar, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Ta gaishe ta da hanya, da gajiya, da mutanen gida, ba ta tsallake ko ɗaya ba, ba ta kuma ɗaga ido ta dube ta ba. Ta karɓi burodin da sukarin ta ce an gode, ta shige madafa.

Zakiyya tana gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta rame. Da ta ga Selina sai ta miƙe, kwanon ya kife.

"Anti! Ta wace hanya kika biyo?"

"Ta wadda kika ƙi biyowa. Kin san ranar Litinin ake rufewa?"

"Na sani."

"Kin sani, kike zaune kina ɓarar gyaɗa?"

Zakiyya ta duƙa tana tsince gyaɗar ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ta ce, "Zo ɗaki."

A ɗaki ta ciro wata ƙaramar waya daga ƙarƙashin katifa, ta danna, ta miƙa mata. Bidiyo ne gajere. Selina ta gane wurin nan take: babban zauren taron jami'a, ranar da 'yan aji ɗaya na shirin suka gabatar da bincikensu. Ga Zakiyya a kan mumbari, ga taswirar dajin Birnin Gwari a bayanta, an ja jajayen layuka a kan hanyoyin gonakin da manoma suka daina bi. Binciken nata a kan abin da manoma suka koma shukawa ne tun da daji ya gagara. Yawancin abin da ke ciki daga bakin babanta ta ji shi, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana shiga dajin nan neman ƙaro da kajiji da ɓawon itatuwa na haɗa turare.

A bidiyon tana godiya da Turanci. Ta ambaci Malam Maiturare na Unguwar Ɗorawa, ta ce shi ne babban infomant ɗinta. Tafi ya haɗiye ƙarshen kalmar. Nan bidiyon ya yanke.

"Shirin ya sa shi a shafinsa," in ji Zakiyya. "Wani ɗan garin nan da ke aiki a Kaduna ya gani, ya yanko wannan wurin ya turo, wai don a ga 'yar gari ta yi fice. Kafin in iso gida yana cikin kowace waya. Ba wanda ya ji Turancin. Abu uku aka ji: sunan Baba, sunan gari, da wannan kalmar. Ga kuma hoton daji a bayana."

Selina ta ajiye wayar a kan katifa a hankali.

Ta tuna ranar da suke gyara jawabin a ɗakin karatu. Zakiyya ta rubuta, ina godiya ga babana. Selina ta ja layi a kai. A jami'a ba a cewa babana, in ji ta, sai a ce kin zauna gida kin yi hira. Masu bincike suna da sunan da suke ba wanda ya ba su bayani. Ta rubuta mata shi. Zakiyya ta daɗe tana kallon kalmar, ta ce, "Anti, wannan a wurinmu..." Selina ta katse ta: "Waccan daban, wannan daban. Dubi ƙarshenta. Nan jami'a ce, ba kasuwar Randagi ba." Yarinyar ta bi maganar jagorarta.

"Me suka yi masa?"

"'Yan sintiri sun tafi da shi, ya wuni a hannunsu. Liman da mai gari suka tsaya masa aka sako shi, amma an ce kada ya fita daga gari. Ranar kasuwa ya kasa kaya, har aka tashi ba wanda ya tsaya ko taya. A masallaci in ya shiga sahu sai a bar wurin mutum guda tsakaninsa da na kusa. Dama can ana cewa ya aka yi yake shiga daji ya fito lafiya."

"Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Ba sabis sai an hau dutse. In aka gan ni a kan dutse da waya a kunne fa?"

Selina ta tuna horon jagorori. Abin da aka koya musu su faɗa a irin wannan lokacin, na ji yadda kike ji, ya zo mata har kan harshe. Ta haɗiye shi.

"Ni na sa ki."

"Ni na faɗa, Anti. Bakina ne a bidiyon."

Aka yi sallama a tsakar gida. Malam Maiturare ne ya dawo daga sallar azahar. Siririn dattijo ne, gajere, yatsunsa sun rine da baƙin ƙaro. Selina ta fito ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi.

"A'a, tashi, tashi. Ke ce yayar tata? Ke kika hana ta durƙuso, ga shi ke kina yi." Ya yi dariya shi kaɗai. "'Yar Malam Benson ce, ko? Na san shi. Ya taɓa sayen turare wurina ya ce na coci ne, na ce masa hayaƙi bai san addini ba, sama kawai ya sani. Yana nan lafiya?"

"Ya rasu, Baba."

"Allahu akbar. Mutumin kirki. Allah ya ba ku haƙuri." Ya zauna a kan buzu. "Kin zo tafiya da ita?"

"Na zo."

"Madalla. Ni na yi na gaji. Kullum in ce ta tafi, ta ce in ta tafi an tabbatar da zargin. Kin ga 'yar da kika koya wa musu."

"Baba, kalmar nan ni na sa ta a bakinta. Zan je in yi musu bayani. Kuskuren fassara ne kawai."

Ya dube ta, ba da fushi ba. Irin kallon da ake wa wanda ya zo kashe gobara da ludayi.

"Je ki wurin Naziru, shi ne shugabansu. Amma ki ci abinci tukuna. Ba a zuwa wurin mai bindiga da yunwa."

Rumfar 'yan sintiri tana ƙarƙashin ɗorawar da gari ya ci sunanta. Mutane kaɗan ne a kan benci, rigunansu cike da layu. Naziru bai fi shekara talatin da 'yan kai ba, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ya sa aka matsa mata.

"Malama, sannu da hanya. Bismilla."

Ta gyara mayafin aron, ta yi magana yadda take yi a gaban aji, dalla-dalla. Ta ce kalmar da ke cikin bidiyon ba wadda suke zato ba ce. Kalmar masu bincike ce, tana cikin kowane littafi. Ta ce ita ta koya wa Zakiyya, dattijon bai ma san an faɗa ba.

Wani mai jar hula da ke goge bindiga ya ce, "To me take nufi?"

"Wanda ya ba ka bayani."

Hannunsa ya tsaya a kan bindigar.

"Mai ba da bayani."

"E."

"To mu me muka ce?"

Wani ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Ba irin wannan bayanin ba," in ji Selina. "Bayanin noma."

"Wace gona aka bari. Wace hanya ake bi. Wane rafi ba a tsallakewa. Mun ga zanen a bayanta, Malama, da jan alƙalami. Mu ba mu yi boko ba, amma mun san hanyar gonakinmu in mun gan ta. Ya ba 'yarsa, ita kuma ta ba wa?"

"Jami'a."

"Jami'a ta ba wa?"



Naziru ya miƙe ya ce ta zo. Suka zaga bayan ɗorawar, inda ana ganinsu amma ba a jin su. Ya cire tabaran yana gogewa da bakin riga.

"Na san kalmar," in ji shi. "Na yi kwalejin ilimi. Ni ma na rubuta ta a aikina na ƙarshe."

"To ka gaya musu mana!"

"Na gaya musu. Shi ya sa yake kwana a gidansa." Ya nuna da haɓa. "Kin ga mai jar hular nan? An ɗauke matarsa a gona ranar da ba wanda ya san za ta je sai 'yan gari. Har yau ba ta dawo ba. Je ki nuna masa harafin da ke ƙarshen kalma."

"Zan sa a cire bidiyon daga shafin."

"Ki sa. Sai ki bi waya-waya ki cire. Kuma ba mu kaɗai muka gani ba, su ma mutanen daji suna da waya. Mu nan ana cewa su yake kai wa. Su can suna cewa gwamnati yake kai wa. Sun aiko kada ya ƙara taka dajin. Kin ga hana shi fita da muka yi ba duka horo ba ne."

Selina ta ce, "To me za a yi?"

"A yi shiru. Magana tana mutuwa in ba a ba ta abinci ba. Yarinyar ta zauna gida, a riƙa ganinta a rijiya, a gidan biki, a gidan mutuwa. Wata rana wani abin zai faru, wataƙila a manta da su. Amma yau baƙuwa ta shigo da kwamfuta a cikin zani. Gari duka ya ji kafin ki sha ruwa. In aka ga kin ɗauke ta rana tsaka kun nufi birni, ke da kanki kin san abin da za a ce ta je kaiwa." Ya mai da tabaran. "Yarana ba su da yawa, kuma ba dukansu ke jin maganata ba. In ta zauna, zan iya riƙe su. In ta tafi, ban yi miki alkawarin komai a kan dattijon ba."

A hanyar komawa ta yi ta juya maganar. Ba wanda ya ji ta sai ita. In ta shiga ta ce Naziru ya fahimta, ba ta yi ƙarya ba. Uban yana so, jagora tana so, Zakiyya ba za ta iya ja da su biyu ba. Ranar Litinin sunanta zai shiga, Dakta Rachel za ta ce wa sauran jagororin su yi koyi da Selina, wadda ta ratsa dajin Birnin Gwari ta dawo da ƙanwarta. Ta ga kanta a gaban taron sarai. Wasu mata da ke daka a ƙofar wani gida suka tsai da taɓarya har ta wuce.

Abednego yana kishingiɗe a kan mashin. "'Yar Malam, ki duba rana. Ba na son la'asar ta same ni a wajen rafin da muka tsallako. Ko Dinah ba ta tsorata ni kamar wurin."

"Ina zuwa."

Ta same su a tsakar gida, uban a kan buzu, Zakiyya a gefe, Furera a bakin madafa tana tankaɗe. Ta zauna ta faɗi duk abin da Naziru ya ce, ba ta rage komai ba, har da aiken mutanen daji, har da alkawarin da ya ƙi yi. Rariyar Furera ta tsaya.

"Don haka ba zan tafi da ita ba, Baba," in ji Selina. "Zan roƙi Dakta a ajiye mata gurbin zuwa baɗi."

"Ba a ajiyewa, Anti," in ji Zakiyya. "Ke kika karanta mini dokar."

"Zan roƙa duk da haka."

"Ki roƙa. Amma ki mai da musu kwamfutarsu, su ba wanda ya samu gurbin."

Ta faɗi haka ba rawar murya, kamar wadda ta daɗe da gama kukanta. Har da ɗan sauƙi a fuskarta, ganin jagorarta ta dawo layinta.

Malam Maiturare yana murza wani guntun ƙaro tsakanin yatsunsa.

"Wanda za a ba wurin nata, ɗan ina ne?"

"Ban sani ba, Baba. Duk wanda ke gaba a layi."

"In ya shiga, ya shiga ke nan?"

"Ya shiga ke nan."

"Ita kuma in ta zauna, sunan zai goge?"

"Naziru ya ce wataƙila a manta."

"Wataƙila." Ya ɗaga ƙaron ya duba shi a hasken rana. "Kin san ƙaro? In ya kama riga, ko ka wanke ya fita, wurin ba ya komawa yadda yake. Ni na san sana'ata."

Ya tashi ya je bakin madafa, ya duƙa, ya yi wa Furera magana ƙasa-ƙasa. Ta girgiza kai. Ya ƙara magana. Ta ajiye rariyar, ta goge hannu a zani, ta shige ɗaki. Shi kuma ya shiga zaure ya dawo da kwalba biyu da wani ƙulli. Ya zauna yana bayyana wa Selina wanne ake sawa a garwashi, wanne a kaya, wanne ne ba a haɗawa da wani. Ya ja bayanin. Ya ba ta labarin yadda kakansa ya zo daga Tsohon Birnin Gwari da jaki guda da sanin itatuwa. Ya tambayi ko a kudu suna da turaren wuta. Selina tana amsawa, hankalinta yana kan rana. Daga waje Abednego ya danna ham.

"To," in ji dattijon. "Mai mashin ya yi gaskiya. Mun gode da zumunci, 'yar Malam. Kin faɗi abin da kika ji, ba ki ɓoye ba. Allah ya yi miki albarka." Ya juya. "Zakiyya, ɗauki jakar yayarki ki raka ta. Ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai kamar wanda aka kora."

Zakiyya ta zura hijabi da silifa, ta rataya jakar. Selina ta leƙa ɗaki don ta yi wa Furera sallama. Ba kowa a ciki. Ta yi sallamar ga labule, ta bi bayan Zakiyya ta cikin zaure, dattijon yana biye da su.

A waje rana ta fara karkata. Abednego yana zaune a kan mashin, ya kau da kai gefe. A bayan mashin an ɗaure jakar bakko da igiya, cike tam, takalman makarantar Zakiyya a soke a ƙarƙashin igiyar. Ta lungun bayan gida Selina ta hango gefen zanin Furera yana shigewa.

Zakiyya ta tsaya cak. Ta juya.

Ƙyauren langa-langar ya rufe. Aka ji ƙarar sakata.

"Baba!" Ta bugi ƙofar da tafin hannu. "Baba, ka buɗe! Ka ji abin da Naziru ya ce! Inna! Inna, ki buɗe mini!"

Matan da ke daka sun fito bakin hanya. Can ƙarƙashin ɗorawa mai jar hula ya miƙe tsaye yana kallo. Selina tana tsaye da kwalaben turare a hannu. Abin da ta ratso daji dominsa ne aka miƙa mata, ta kuma rasa inda za ta sa idonta.

Muryar dattijon ta fito ta bayan ƙyauren, ba ta rawa.

"Kar ki yi mini kuka a ƙofar gida, ana kallo. Sun hana ni daji, sun hana ni kasuwa. Wannan ba su za su hana ba. Ni zan zauna da sunan. Ƙofar nan ba za ta buɗe miki ba sai hutu. Hau mashin."